Ƙonni cikin wayar asusu

Wannan karon ba maganar zubi ko bashi muka kawo muku ba, ko da yake kuɗin asusu ne ya yi aikin. Labarin hoto ne, da yawon da hoto ya sa muka yi cikin ƙasarmu.

Abin ya faro daga damanar 2024. Kun tuna ruwan shekarar nan da ɓarnar da ya yi a Nijar baki ɗaya. A unguwarmu ɗakin ɗaya daga cikin masu riƙe makullin akwatinmu ya faɗi da dare. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Da gari ya waye muka taru muna tono mata kaya cikin laka. Kwanoni sun lotse, katifa ta jiƙe, duk ba ta yi kuka ba. Sai da ta ciro wata leda, ta buɗe, ta ga hoton mahaifiyarta ya narke, fuskar ta bi ruwa, sannan ta zauna ƙasa. Shi kaɗai ne hoton marigayiyar a duniya.

Ranar taro na gaba, bayan an gama zubi, tsohuwar ƙungiyarmu wadda duk muke ce wa Inna ta ce: "Ni sau nawa anka ɗauke ni hoto? Baƙi su zo, su ce in riƙe akwati, in riƙe kuɗɗi, in yi dariya, in yi. Ina hotunan? Ko guda ban gani ba."

Gaskiya ta faɗa. Tsarin nan na Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka haife shi a 1991, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa, abin alfahari ne gare mu. Hoton matan Nijar zaune kewaye da akwati mai makulli uku ya zagaya duniya. Ba mu ce an yi mana laifi ba. Amma ko yaushe wani ne ke riƙe da na'urar, shi ke zaɓen abin da za a gani, kuma hoton tare da shi yake tafiya. Kasuwarmu, gonakinmu, sallarmu, tsofaffinmu, ba mu da ko ɗaya a hannu.

Mu 30 ne a ƙungiya. Masu babbar waya ba su wuce shida ba, kuma rabinsu ta maigida ce ko ta ɗa. Sai sakatariyarmu ta kawo shawara a sayi waya ta hannu da kuɗin tara, wanda muke ci in mace ta yi latti ko ta yi surutu ana lissafi. Nan gardama ta tashi. Wata ta ce: "Hoto shina shiga tukunya? A raba muna kuɗɗinmu mu sai gishiri." Ba ta yi ƙarya ba, shekarar ta yi tsanani, hatsi ya yi tsada. Aka ɗaga hannu, 19 suka yarda, 11 suka ƙi. Muka sayi wayar jikka 35, da tsage ɗaya a gefen gilashi.

Malamarmu ɗiyar sakatariya ce, yarinya ƴar kwaleji. Mu da muka yi karatun manya muka koyi riƙe alƙalami da girmanmu, sai ga mu kuma muna koyon riƙe waya wurin ɗiyar cikinmu. Abin da ta koya mana kaɗan ne amma ya yi amfani. A goge idon wayar da bakin zane kafin a ɗauka, don hannunmu ba ya rabo da mai. A bar rana a bayanki, kada ki fuskance ta. A riƙe da hannu biyu, a ɗauke numfashi. In abu ya yi nisa, kada a jawo shi da yatsa, hoton dushewa yake, a taka a matsa kusa. Kuma hasken hantsi da na bayan la'asar ya fi na tsakar rana, wanda ke sa fuska ta yi baƙi ƙirin, ido ya shige rami.

Da kasuwar Laraba muka fara, mu huɗu. Wadda ba ta taɓa zuwa Ƙonni ba, garinmu mahaɗa ne. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram ta tsakiyarmu ta ratsa, wata kuma ta yi kudu zuwa Illela ta Najeriya, daga can sai Sakkwato. Mu Illela biyu gare mu, ta Najeriya da ke bakin iyaka, da tamu ta Nijar da ke arewa, shi ya sa in mutum ya ce ya tafi Illela sai an tambaye shi wacce. Ranar Laraba duk wannan jama'a a kasuwa take haɗuwa: ƴan canji da damin naira da sefa, ƴan kabu-kabu, amalanken jaki, Fulani da nono, Buzaye da raƙuma, masu atamfa, masu robobi daga Najeriya. Mun wuni muna dannawa. Da muka dawo gida muka duba, hoto ya fi 200, kusan duk ƙeyar mutane ne da rumfuna a karkace. Guda ɗaya ya tsaya mana a rai: hannun wata mai tattasai tana cika tiya, ja ya cika hoton, zobenta na azurfa ya lanƙwashe don tsufa. Fuskarta ma ba ta fito ba, amma duk wadda ta gani sai ta ce ta san hannun nan. Daga ranar muka gane kasuwa ba ta shiga waya gaba ɗaya, sai dai a ɗebo ta da kaɗan-kaɗan.

Mun kuma koyi tambaya. Wasu in kin ce za ki ɗauka sai su ce a'a, sai ki yi godiya ki wuce. Wasu su ce tsaya in gyara kallabi. Wani mahauci ya ce sai mun saye tsire tukuna, muka saya, ba a yi asara ba. Abu ɗaya dai muke gaya wa kowace ƙungiya da babbar murya: kada ki kuskura ki nuna waya wajen sojoji, jandarma, ƴan duwan ko shingen iyaka. Garin iyaka ne, lokacin kuma na tsaro ne. Ko kallon wajen ba mu yi da waya a hannu.

Akwai abin da muka yi baƙin cikin rashin wayar a lokacinsa. Daga ƙarshen Yuli 2023 har zuwa Maris 2024 iyaka tana rufe. Mun ga manyan motoci jere ba motsi, mun ga wuta ta ɗauke, mun ga mata masu tuwo da masu ƙosai na tasha sun rasa masu saye, da yawa cikinmu bashin asusu ya yi musu nauyi a watannin nan. Ba mu da hoton ko ɗaya. Jikokinmu sai dai su ji a baki. Haka ma abin da ya fi wannan girma. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta Vule da Shanwan ta afka wa Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa, ta sa wa gari wuta. Mun zagaya tsohon gari da waya muna neman abin da za mu ɗauka na wancan zamani, muka ga labarin ya fi zama a bakin tsofaffi. Sai muka ɗauki tsofaffin, da rumbunan ƙasa masu ƙaton ciki da hular ciyawa, irin waɗanda baƙi ke tsayar da mota don su. A gidaje da dama yanzu buhu da ɗakin siminti sun maye gurbinsu.

Da sanyi ya shigo muka fita fadama. Maggiya ba kogi ba ce mai ruwa kullum, da damana take gudu, ta gangara har tafkin Kalmalo cikin Najeriya. An tare ruwanta a madatsun Mozage da Zango, ana turo shi ta babbar hanyar ruwa zuwa ma'ajiyar Cerasa, daga can ake raba shi cikin gonakin noman rani, fili fiye da hekta 2,400, aikin da aka yi tun ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, aka kuma gyara shi a ƴan shekarun nan. A watan Janairu, lokacin da ko'ina ya bushe, hazo ya rufe sama, can sai ki ga kore shar: alkama, albasa, kabeji, tumatir, masara, zogale. Ido ya ga kyau, amma da muka ɗauka sai hoton ya fito kamar tabarma, layi kore a ƙasa, fari a sama, ba komai. Yarinyar nan ta ce a sa wani abu a gaba, itace ko mutum ko bakin hanyar ruwa, don ido ya sami wurin tsayawa. To, mutanen da ke gabanmu su wa ne? Mata ne, duƙe, suna dashen albasa, ƙafa cikin ruwan sanyi tun da safe. Muka gaisa, muka nemi izini, muka ɗauka.

A nan wata magana ta fito wadda ba hoto ya kai mu neman ta ba. Muka tambayi matan, gonar wa? Ta maigida, ta wa, ta mai kuɗin da ya ɗauke su aikin yini. Muka juyo kanmu muka ƙirga, cikin mu 30 biyu kaɗai ke da fili da sunansu a wurin. Muka sa kowacce ta tsaya tsakiyar nata, muka ɗauke ta. Ɗayar, bazawara ce mai ƴaƴa biyar, ta ce a wanke mata nata babba, ta rataye a ɗaki, saboda dangin mijinta sun fara yi mata zancen filin. Mun gaya mata hoto ba takarda ba ne, ta je ta nemi takardarta wurin shugabannin manoma, muka kuma raka ta. Amma hoton ma ta rataye shi.

Tun daga nan wayar ta sami aikin da ba mu yi tsammani ba. Mace in ta ɗauki bashi ta ce za ta sayi tunkiya ko buhun gujiya, da yardarta sai a ɗauki hoton abin a nuna a taro. Ƙananan maganganun da ake yi a bayan ido sun ragu sosai.

Tafiya mai nisa sau biyu muka yi, kowacce ta biya kuɗin motarta. Ta farko gabas, lokacin cirar albasa. Mun wuce Tsarnawa, mun wuce Malbaza inda masana'antar siminti take tun shekarun 1960, daga cikin mota muka hango ta, ƙura fari fat a kan itatuwa, ba mu tsaya ba. Galmi muka nufa. Abin dariya, yawancinmu ba mu taɓa zuwa Galmi ba sai da marar lafiya, don asibitinta da aka buɗe tun 1950. Wannan ne karon farko da muka je da ƙafar yawo. Albasa ƴar Galmi, mai launin shuɗi-shuɗi da ja, ita ce sunan Nijar a kasuwannin Gana da Abijan. Mun ga tulinta a bakin hanya, buhuna an cika su har an ɗinka musu hula a kai, samari na lodi. Mun ga rudu, bukkar kara da ake ajiye ta ciki a jira farashi ya tashi. Masu buhu maza, masu mota maza. Sai da muka shiga bayan gari muka iske mata na daka ganyen albasa suna yin gabu, suna shanyawa. Hoton gabu a shanye, dunƙule-dunƙule kan tabarma, wata yarinya na korar awaki, yana cikin waɗanda muka fi so.

Ta biyu ita ce ta Yama. Daga Tsarnawa aka juya arewa kan hanyar Tawa, ta Gidan Idar, har ƙasar Badagishiri cikin gundumar Illela tamu. Ƙasar can daban take da tamu, duwatsu baƙaƙe da jajaye, tudu mai faɗi sai kuma kwari ya buɗe da itatuwa. Masallacin Juma'a na Yama da ƙasa aka gina shi. Wani magini ɗan garin, Falke Barmu, ya fara shi a 1962, daga baya aka ƙara masa hasumiya huɗu, ba wadda ta yi kama da ƴar uwarta. A 1986 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake gasa da manyan gine-ginen ƙasashen Musulmi na duniya. Ginin ƙasa, a ƙauye, cikin jiharmu, kuma a cikinmu ba wadda ta taɓa jin labarin sai da yarinyar nan ta nuna mana shi a intanet. Wallahi mun ji kunya.

Mun isa da hantsi, muka fara gaida dattawan da ke zaune a inuwa. Muka ce: "Baba, daga Ƙonni muke, mun zo ganin masallaci, in an yarda mu ɗauki hoto daga waje." Suka yi mamaki, suka ce sun saba da Turawa da ƴan Yamai, ba su saba da mata daga Ƙonni ba. Suka yarda. Ginin ya fi ƙarfin waya, in kin matsa hasumiya ta yanke, in kin ja baya ya zama ƙarami. Sai da muka durƙusa ƙasa muka ɗauko shi daga kusurwa sannan ya fito da girmansa.

Masallacin aikin gayya ne, gari duka ya sa hannu. Wasu sun yi tubali, wasu sun kawo itace, mata suka ɗebo ruwa. Ku da kuka san ginin ƙasa kun san yawan ruwan da yake sha, kun kuma san nisan rijiya a ƙasar duwatsu. Amma a duk hotunan da muka gani a intanet, ko ginin shi kaɗai, ko maza a ƙofarsa. Muka tambaya ko akwai sauran matan da suka yi ɗibar ruwan. Aka kai mu wani gida, muka iske tsohuwa tana tsinke zogale. Ta ce tana budurwa ta yi, ta nuna mana tsakiyar kanta inda gammo ke zama. Muka ce: "Inna, mu ɗauke ki?" Ta ce: "Ku bari in sa zanen kirki. Kuma can za ku ɗauke ni, gaban ginin, ba nan cikin awaki ba." Ta taka da sandarta har can, ta tsaya ƙyam, ba ta yi murmushi ba, mu ma ba mu ce ta yi ba. Da muka wanke hotuna mun aika mata nata ta hannun wani direba, ya dawo ya ce ta karɓa.

Sallah kuwa ta ba mu wuya. A babbar sallar 2025 muka ce sai mun ɗauko dawakan sarki da makaɗa bayan an sauko idi. Ina! Ƙura, turereniya, doki ba ya jira. Duk abin da muka samu wutsiya ce da rawani a dushe. Waɗanda suka yi kyau na cikin unguwa ne: ƴan mata da lalle da sabon kitso, raguna a tsire kan itace an kewaye wuta da su layi-layi, yara na yawon barka da sallah. Wasu cikinmu sun so mu je Masallata lokacin arwa, inda Azna ke taruwa kowace shekara suna duban yadda damana za ta kasance. Wasu suka ce su ba su zuwa. Ba mu tilasta wa kowa ba, wayar ƙungiya dai ba ta je ba.

Yanzu ga inda muka yi kuskure, kuma don shi ne ma muka ga ya wajaba mu rubuto. Washegarin sallah mun taru a gidan ɗayarmu, mu mata zalla, ana kiɗan ƙwarya. Wata ƙaramarmu, amarya ce shekara biyu da aure, ta tashi tana rawa, kallabi ya zame, aka ɗauke ta tana dariya. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Ba a tambaye ta ba, don muna ganin mu ya mu ne. Da yamma aka ba wani yaro wayar ya kai caji. Ko shi ne, ko wani a wurin cajin, Allah masani, kwana uku sai ga hoton a WhatsApp, har ya kai ga mijinta da ke bida a Libiya. Ya kira uwarsa, ya ce kada ta sake fita taron asusu. Ga ta da bashin jikka 20 da take juyawa a sana'ar ƙuli-ƙuli, ga gori a gidan miji. Waɗanda suka ƙi sayen wayar tun farko ba su ce komai ba, shirunsu ya fi magana ciwo.

Mu uku manya muka je wurin uwar mijin. Muka durƙusa muka ce: "Hajiya, ɗiyarki ba ta yi laihi ba, mu munka yi. Ba ta san an ɗauka ba, kuma cikin mata ne. A yi muna haƙuri." Ta ce ita ta ji, amma sai abin da ɗanta ya ce. Sau uku muna komawa. Sai da Inna da kanta ta yi masa saƙon murya, ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana yaro, sannan ya sauko. Mako bakwai yarinyar ba ta zo taro ba, zubinta ƙanwarta ke kawowa. Ta dawo, amma har yau in an ɗaga waya sai ta juya baya, kuma ba mu ga laifinta ba.

Daga nan muka ƙara doka cikin littafin ƙungiya, aka karanta kowa ta ji. Waya cikin akwati take kwana, bayan makulli uku, tare da kuɗi. Caji a gidan shugaba kaɗai, da faifan hasken rana. Ba a ɗaukar mace sai ta ce to, ko da ƴar ƙungiya ce, kuma hoto ba ya fita sai mai shi ta gani. In ta ce a goge, a gabanta za a goge. Wadda ta karya, tararta jikka biyu.

Ranar fasa asusu muka kai hoto 60 aka wanke mana a kati, muka shimfiɗa su kan tabarma bayan an gama rabo. Wadda ta ce hoto ba ya shiga tukunya ita ta fi kowa daɗewa a durƙushe, tana neman wanda jikanta ya fito ciki. Mai makullin da ɗakinta ya faɗi ta sa zanen mahaifiyarta, wanda ya tsira daga laka, aka ɗauke ta da ɗiyanta mata uku. Ta ce a wanke uku: ɗaya nata, ɗaya a kai wa ƙanwarta a Illela ta Najeriya, ɗaya a bar shi cikin akwatin asusu, don ruwa ba ya cin gida uku dare ɗaya.

Inna ta ƙi hotonta na farko, ta ce mun tsufar da ita. Ta zaɓi wanda take murza ƙuli-ƙuli, aka tura wa ɗanta da ke Abijan, shekara shida bai zo gida ba. Da dare ya aiko saƙon murya, muka saurara tare a taro. Ya yi godiya, ya yi shiru, sannan ya ce in ba damuwa a ɗauko masa ƙofar gidansu, da dogon yaron da ke bakinta, yana so ya ga ko ya girma. Sakatariya ta rubuta cikin littafi, aikin Laraba mai zuwa ne, bayan la'asar.